Tambayoyinku: haɗa fedal ɗin jita da sintesaiza da hannunka

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon na ajiye masu tambayar waya mai zafi da waɗanda suka manta lambar sirrin Facebook sai wani makon, saboda tambayoyin masu kayan kiɗa sun taru a wajena tun kafin azumi ban taɓa su ba, kuma gaskiya ni kaina harkar tana min daɗi.

Tambaya daga Kano: Malam barka da ƙoƙari. Ina ɗan kaɗa jita a ɗaki don nishaɗi kawai, sai naga a bidiyo ana taka wani ɗan akwati da ƙafa sautin ya koma kamar gurnani. Na tambayi kuɗinsa naji ba zan iya ba. Wai mutum zai iya haɗawa da kansa? Ina ɗan taɓa gyaran caja da fitila.

Amsa: Ɗan'uwa in dai ka iya riƙe ƙarfen narka dalma ba tare da ka ƙona yatsa ba to ka gama rabin aikin. Wannan gurnanin da kaji sunansa foz, kuma abin dariyar shi ne lalata sautin ake yi da gangan. Sautin da ke fitowa daga jita ɗan siriri ne, sai a tura shi cikin taransista a ƙara masa ƙarfi fiye da yadda batirin zai iya ɗauka, sai saman igiyar sautin da ƙasanta su yanke, wannan yankewar ita kunnenka ke ji kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Irin wannan akwatin da ake takawa shi ake kira fedal. Wani mai suna Fuzz Face da aka fara sayarwa a Landan a 1966, wanda makaɗin jitar nan na Amurka Jimi Hendrix ya yi suna da shi, in ka buɗe cikinsa zaka sha mamaki: taransista biyu, rizista huɗu, kafasita uku, sai maɓallan murɗawa biyu. Shikenan fa. Cajar wayarka ta fi shi kaya a ciki nesa ba kusa ba.

Amma ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Zaka ga turawa nata yabon taransistan jameniyom irin AC128 da NKT275, wai su ne na asali masu zaƙin murya. Eh da su aka fara. Sai dai jameniyom baya shiri da zafi ko kaɗan, yana ɗumama wuta zata fara zurarewa ta cikinsa, saitin ya goce, sautin da ka bari mai daɗi da asuba ka dawo da azahar ka tarar yana shaƙewa yana yankewa kamar rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa. Mutumin da ke Ingila bai cika damuwa da wannan ba, kai kuwa da kake Kano a watan Afrilu ma'aunin zafi na haura 40, wahala kawai zaka saya da tsada. Ka nemi na silikon, BC108 ko BC547 ko 2N3904, masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari basa rasa su, kai ko tsohuwar rediyo ka fasa zaka samu C945 a ciki. Ka dai lura ƙafafunsu ba jeri ɗaya bane. In ka fuskanci gefen da yake shafaffe, BC547 kolekta ce a hagu, 2N3904 kuma emita ce a hagu, C945 kuwa kolektarsa a tsakiya take. Mutane da yawa nan suke faɗuwa, su haɗa komai daidai amma shiru, ashe taransista ce ta juya baya.

Shawarata kada ka fara da dalma. Sayi allon gwaji mai ramuka ka soka kayan a kai, in ya yi ƙara sannan ka liƙa. In ka samo zanen haɗin Fuzz Face ɗin, a madadin rizista mai 8.2k da ke ciki ka sa wadda ake murɗawa da sukundireba mai 10k, ka ɗora mita a kolektar taransista ta biyu kana murɗawa har ka ga wajen bolt 4.5, wato rabin batirin, daga nan kuma kunnenka ne alƙali. Gidan da zaka saka shi lallai ya zama na ƙarfe kuma ka haɗa jikinsa da wayar negetif, in ka sa a roba zaka ji yana kamo tashar rediyo da kansa. Gwangwanin kifi ma ya isa a fara, kada ka ji kunya, ai kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi da gwangwani ake yin irinsa, Mdou Moctar na Nijar kuma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Tambaya daga Damagaram: Salam. Yayana ya aiko min da fedal, batir ya ƙare sai na ɗauki adaftar dikoda na soka tunda bakin ya shiga daidai. Naji wari, yanzu ko fitilar bata kamawa. Ya mutu kenan?

Amsa: Wayyo ƙanena, sannu. Ba kai kaɗai bane, nima na taɓa yin irin wannan aika-aikar da adaftar wata tsohuwar na'urar intanet, har yau in na tuna warin nan sai raina ya ɓaci. Shigar baki daidai ba ita ce magana ba. Yawancin fedal suna bin tsarin da kamfanin Boss ya yaɗa ne, bolt 9, kuma tsinken tsakiya shi ne negetif, jikin waje fozitif. Adaftar dikoda da ta rauta kuwa galibi bolt 12 ce kuma tsakiyarta fozitif. Kaga duka biyu ka yi masa lokaci guda, wutar ta yi yawa kuma ta shigo a juye.

Kada ka jefar dashi tukuna. Da yawa daga cikinsu akwai wani dayod kusa da inda wuta ke shiga wanda aikinsa kenan ya mutu a madadin sauran, kamar ɗan rakiya. Buɗe bayan ka duba, in kaga dayod ya yi baƙi ko ya tsage, ko wata kafasita ta kumbura kai, ka kai wa mai gyaran rediyo ya canza su, dayod ɗin sau tari 1N4001 ne kuma kuɗinsa bai kai na katin waya ba. In an canza har yanzu fitila na kamawa amma babu sauti to wutar ta kai ga aisi ɗin ciki, wato ɗan baƙin nan mai ƙafafu da yawa, shi ma in irin su 4558 ko TL072 ne ana samu a canza.

Daga yau kafin ka soka kowace adafta ka karanta jikinta. Akwai ɗan zane mai ɗigo a tsakiya da alamar ragi da ta tarawa a gefe, wadda layinta ya taɓa ɗigon ita ce a tsakiya. Ka tabbata an rubuta DC, don akwai masu fitar da AC bolt 9 kuma suna kashe fedal nan take. Lambar mA, wato yawan wutar da adaftar ke iya bayarwa, in ta fi abin da fedal ke buƙata ba komai, iya cikinsa zai ja, bolt ne ba a wasa dashi. Kuma kada ka ɗauka duk kayan kiɗa haka suke, ƙananan sintesaizan Korg Volca, wato na'urorin da ke ƙirƙiro sautin kiɗa da lantarki, bolt 9 ne su ma amma tsakiyarsu fozitif, to kaga mai fedal da Volca a tebur ɗaya sai ya manna wa wayoyinsa takarda.

Tunda maganar wuta ake bari in haɗa da tambayar wasu mutum uku da suka ce amfilifayarsu na yin huuuu ba ƙaƙƙautawa. Wutar gidajenmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ita ce wannan gunjin mai kauri. In kuma ƙara ce siririya kamar kukan sauro, to daga adafta mai arha ce irin mara nauyin nan, ko inbata, ko wayar nan da ke ɗaga bolt 5 na fawa bank zuwa 9. Janareta kuwa ba a magana. Gwaji mafi sauƙi: cire adafta ka sa batir mai bolt 9. In ƙarar ta ɗauke ka kama ɓarawon. Foz ba ya cin wuta, 'yan mA kaɗan ne, batir ɗaya zai daɗe maka matuƙar kana zare wayar jita in ka gama, don a yawancinsu soka wayar nan shi ke kunna batirin. Masu sola kuma kun fi kowa sa'a, ku ja daga batirin bolt 12 ku bi ta 7809, ɗan abin da ke sauke wuta zuwa bolt 9, da kafasita a gaba da baya, wuta ce tsaf babu gunji.

Tambaya daga Zariya: Ni ba jita gareni ba, gurmi nake kaɗawa. Zan iya sa masa irin amsa-kuwwar nan?

Amsa: Wannan tambayar ta fi kowacce burge ni wallahi. Zaka iya malam. Abin da ke ɗaukar sauti a jitar lantarki maganaɗisu ne, sai da tsirkiyar ƙarfe yake aiki, don haka kai faifan fiyezo zaka nema, ɗan zagayayyen farantin tagulla ɗin nan mai fari a tsakiya da ke cikin abubuwan da ke yin ƙarar tsit-tsit. Ka manna shi a fatar kusa da jakin da tsirkiya ke hawa, ka ɗan matsa dashi nan da can har ka sami inda ya fi daɗi. Matsalarsa ɗaya, in ka soka shi kai tsaye a mikisa duk kaurin muryar zai gudu ya bar maka ƙwaram-ƙwaram. Yana son mashiga mai juriya sosai, megohm 1 ko fiye, shi yasa ake sa masa ɗan da'ira mai taransista ɗaya irin 2N5457 ko aisi TL072 a tsakani. Kada ka tsallake wannan.

Amsa-kuwwar kuma akwai aisi mai ƙafa 16 da ake kira PT2399, wani kamfanin Taiwan ne ya yi shi don na'urorin karaoke, kuma irinsa ne a cikin ƙananan amfilifayoyi da yawa masu maɓallin eko da ake haya a gidan biki. Yana jinkirta sauti daga wajen milisakan 30 zuwa 340, rizistar da ke ƙafa ta 6 ita ke saita tsawon, in ka ja shi fiye da haka zai yi amma da shuuu a ciki. Bolt 5 yake ci, sai ka sa 78L05 mai sauke wuta zuwa bolt 5 a gabansa. Ni dai a ganina kada sabon shiga ya wahalar da kansa, ana sayar da allonsa a haɗe da arha, ka saya ka sa a gwangwani.

Tambaya daga Kaduna: Yaya ina wuni. Ina son sintesaiza irin mai wayoyi birjik ɗin nan, amma fiyano Yamaha PSR kawai gareni da waya Android. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanwata wancan mai wayoyin rami ne mai cin kuɗi. Robert Moog ya fito da nasa a 1964, sannan a 1995 kamfanin Doepfer na Jamus ya kawo ƙaramin tsarin da yanzu ake kira Eurorack, kowane yanki daban ake saya, akwatin da wutarsa kaɗai sun isa su cinye albashi. Kafin ki kashe ko sisi in kin sami kwamfuta ki sauke manhajar VCV Rack, kyauta ne, wayoyin ne dai a allo kina ja da linzami, in kika yi wata guda baki gaji ba to da gaske kike.

Fiyanonki kuma ki duba bayansa, in akwai ramin da aka rubuta USB TO HOST ki sami wayar firinta da ɗan OTG ki haɗa da wayarki. Tun Android 6 na 2015 wayoyi suke gane MIDI. Ki sani MIDI, wanda aka fito dashi a 1983, ba sauti yake ɗauka ba, saƙo ne kawai cewa an danna maɓalli kaza da ƙarfi kaza, manhajar waya irin FL Studio Mobile ko BandLab ita zata fitar da muryar. Ki yi amfani da abin kunne mai waya, na Bluetooth zaki danna yanzu ki ji sauti anjima.

In kuma hannunki ne ke ƙaiƙayin haɗawa, ki nemi aisi CD40106. Ƙafa ta 14 fozitif, ta 7 negetif, kafasita 100nF daga ƙafa ta 1 zuwa negetif, maɓallin murɗawa mai 100k da rizista 1k tsakanin ta 1 da ta 2, sai ki ɗauki sauti daga ta 2 ta cikin wata kafasita da maɓallin rage murya, don ƙararsa tana da ƙarfi sosai kada ki fasa sifika. Irin wannan da'irar har shida ke cikin aisi ɗaya, ki yi biyar kowacce da maɓallin dannawarta ki saita su da kunne a kan sautuka biyar ɗin da yawancin kiɗanmu na gargajiya ke tafiya a kai, mashigar wadda ta rage ki ɗaure ta da negetif. Zai riƙa gocewa in batir ya yi sanyi, sai ki sake murɗawa. Abu ɗaya dai, in mai shago yace babu 40106 amma ga 74HC14 duk ɗaya ne, ƙafafunsu iri ɗaya ne da gaske amma shi wannan baya wuce bolt 6, kina sa masa batir mai 9 zai tafi.