Kada ku fara da sayar masa da dabbobin

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce akwai dattijon da ya gudo daga ƙauyensu, yana fake da iyalinsa a wani kango a unguwar Tsunami ta Gusau, kuma mai kangon ya ba shi zuwa ƙarshen wata. Kun haɗa kuɗi kun samo ɗaki, mai gidan ya ce ba akuya ba kare, shi kuma dattijon ya kafe ba zai rabu da su ba. Kina tambaya ko ku lallashe shi ya sayar. Na ga wasu sun riga sun ce wanda ba shi da na tuwo me zai yi da kare. Ni ma na taɓa faɗa wa kawuna haka da bakina, bari in ba ki labarin yadda ta kaya.

A daminar 2021 kawuna ya iso Gusau daga yankin Ɗansadau, shi da matarsa da jikoki huɗu, da jaki, da awaki uku, da wani baƙin kare. Shanun huɗarsa an riga an kore su. Gidana ɗaki biyu ne na haya a Tudun Wada, babu ko inda za a kafa turke. Ana cikin haka, wajen watan Satumba, aka rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka hana jigilar dabbobi, aka katse layukan waya. Ba kasuwar Talata Mafara ba ta Shinkafi, sai dillalai masu bi gida-gida, waɗanda da ganin idonka sun san a matse kake. Na yi ta matsa wa kawu har ya saki jakin a wulaƙance. Kafin kaka kuɗin sun ƙare a masara da magani. Daga baya na riƙa ganin masu jakuna suna ɗibar yashi da itace da ruwa a bakin gari, kullum suna komawa gida da na cefane, sannan na gane sana'arsa na sayar masa. Kuma jaki yanzu ba abin da talaka zai sayar ya sake saye ba ne, tun da aka fara cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin tsadarsa ta wuce hankali. Kawu bai taɓa yi mini gori ba, amma duk jakin da ya wuce sai ya bi shi da kallo.

Saboda haka kafin ku kai masa maganar sayarwa, ku zauna ku ji awakin na wane ne. Sau da yawa a ƙauye akuya ta mace ce, ta gado ko wadda aka ba ta lokacin aure, mijin ba shi da ikon sayarwa kuma yana jin nauyin faɗa a gaban baƙi. Ki shiga wajen matar ke kaɗai, za ki ji abin da maza ba za su ji ba. Akuya kuwa ita ce asusun mutumin ƙauye. Wata biyar take yi da ciki, ga ta da yawan tagwaye. Ranar da yaro ya kwanta, ɗan akuya guda zai kai shi asibiti ba tare da an je roƙo ƙofar kowa ba. Haya kuwa shekara na zagayowa za a sake nema.

Mu abin da ya fisshe mu shi ne ba da kiwo, abin da iyayenmu suka saba tun da, Fulani ma suna da irin nasu da suke kira habbanaye. Wata maƙwabciyarmu mai fili a bayan gida ta karɓi awakin, ana raba 'ya'yan da aka haifa. Sai dai mun yi kuskure, da baki kawai muka yi maganar. Da ɗaya ta mutu sai zargi ya shiga, inna, matar kawu, ta ce an sayar ne, mai kiwo ta yi fushi ta ce a zo a kwashe sauran. Allah Ya taimaka mahaucin da aka kira ya riga ya farka cikin, ya nuna mana dunƙulen leda a ciki. Akuyar daji ba ta san leda ba, tana shigowa gari za ta bi bola tana ci, sai ki ga tana ramewa ciki na kumbura, magani ba ya yi. Bayan nan muka je gaban mai unguwa aka tsara komai: wa ke ciyarwa, yadda za a raba haihuwa, in ta mutu a kira shaida kafin a jefar, kuma mai ita na da damar zuwa ya gan ta duk lokacin da ya so. Wannan na ƙarshen kada ku raina shi. Inna kullum da la'asar sai ta je ta zauna wajen awakin, a nan kaɗai nake jin dariyarta.

Duk gidan da zai karɓa, a ɗaure baƙin awakin gefe guda kamar mako biyu kafin a haɗa su da na gida, saboda cutar nan mai sa zawo da majina da gyambon baki, wadda kan share garke cikin 'yan kwanaki. Tana da allurar rigakafi a asibitin dabbobi. Harawa kuma ku saya da kaka tana araha, dusa ku roƙi masu surfe da masu injin niƙa na unguwa. In kun kai wa iyalin hatsi ku haɗa da na dabbar, don na ga kawu yana rage tuwonsa a ɓoye yana ba kare.

Karen shi ya fi ba mu wuya. Yara na jifa, maƙwabta na ƙorafin haushi, ni kaina ban so shi a ƙofar gida ba. Ranar da na ce a kai shi daji a saki, kawu ya ce mini daren da aka shigo ƙauyensu haushin karen nan ne ya tashe su, suka fita ta bayan danga kafin a iso layinsu. Ban sake tayar da maganar ba. Masu kawo batun addini kuma, malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da ya wajaba a kanku shi ne allurar ciwon haukan kare. Ana fara ta tun yana wata uku, ana sabuntawa duk shekara, kuma ku karɓi katin ku ajiye, yana kashe bakin maƙwabta. In ya ciji wani, ko da karce ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya ƙona gashin kare ana shafawa, ciwon nan in ya bayyana ba a tashi.

Yadda tamu ta ƙare, wani mai gidan bulo ta wajen Damba yana neman mai gadi, ɓarayi sun dame shi da satar siminti. Da ya ji dattijo ne mai kare, a take ya ce su zo, ya ba su ɗakin da ke cikin filin. Karen da na so a jefar shi ya samar wa kawu aiki da wurin kwana. Ban ce kowa zai dace haka ba, amma ku leƙa gidajen bulo da lambuna da gidajen gona na bakin gari kafin ku biya kuɗin wancan ɗakin. Shi ma mai gidan ku koma ku ji takamaiman tsoronsa, wani wari ne, wani ɓarna, in ya ji awakin za su zauna wani wuri yana iya sassautawa.

Don Allah kuma kada a ɗauki hoton dattijon nan a sa a Facebook ana neman taimako, jiya-jiyan nan mai rumbu ne da ake ci a gidansa. Ina da ragowar harawa dami biyu da igiya da turke. In kun samu gidan da zai karɓi awakin ki faɗa a nan, zan kawo ranar Asabar in Allah Ya kai mu.