Abin da ya fara ɗauke min hankali a Norwe

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya fara burge ni da na zo nan. Ba dusar ƙanƙara ba ce, ita kam wahala ta ba ni. Sararin sama ne. A Tromso, wani birni da ke can arewacin Norwe, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam, sai wani shuɗin haske da tsakar rana, kamar magariba ta ƙi wucewa.

Wani dare na fita zubar da shara, ina ɗaga kai sai ga koren haske yana kaɗawa bisa duwatsu kamar labule a iska. Na tsaya da leda a hannu ina ta Subhanallahi, har yatsuna suka sandare.