Kwamfutata Na Tafiyar Hawainiya a Photoshop: In Gyara Ko In Sayi Sabuwa?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Misfala a Makka ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Sana'ata gyaran hotunan biki da suna, da na alhazai masu son tsaraba. Laftof ɗina Core i5 ce ta ƙarni na 8, RAM 8GB, faifan ajiyarta HDD 1TB. Da na buɗe hotuna biyar ko shida a Photoshop sai ta tsaya cik. Mai shago ya ce ba ta da magani, in sayi irin ta masu wasan gem. Riyal 1,000 gare ni. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Sai an san ciwo ake neman magani, kuma kwamfutar da kanta za ta faɗa maka inda ke mata ciwo. Buɗe aikinka kamar kullum, ka bari ta fara nauyi, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito. Shiga Performance ka duba abu uku: CPU (furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), Memory (RAM) da Disk (faifan ajiya). Wanda ya maƙale kusa da kashi 100 shi ne mai laifi. Bisa bayanin da ka yi, ina kyautata zaton Disk da Memory za ka tarar a cike, furosesa kuwa tana zaune tana jira.

Ga yadda abin yake. RAM kamar teburin tela ne, faifan ajiya kuma kamar sito ne a bayan shago. Idan tebur ya cika, dole tela ya riƙa kai yadi sito yana ɗaukowa. Haka Photoshop ke yi: bisa tsarinsa na asali yana cin kashi 70 na RAM ɗin da ya samu, idan ya ƙare sai ya koma ajiye aiki a faifai. Kai kuma faifanka mai juyawa ne, da kyar yake wuce megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa. Hoton RAW guda, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauke shi, na kyamara mai megafiksel 24 ya kai megabait 25 ko fiye tun kafin ka ɗora masa komai. Ka ga tebur ƙarami, sito nesa. Kana iya tabbatarwa a cikin Photoshop ɗin: a ƙasan hoton ta hagu akwai 'yar kibiya, danna ka zaɓi Efficiency. Muddin lambar na sauka ƙasa da 100, RAM ya ƙare ana lallaɓawa da faifai.

Don haka fara da SSD, wato faifan ajiya na zamani da ba ya juyawa. Ko mai arha irin SATA yana kai megabait 550 a daƙiƙa, idan kuma laftof ɗinka na da gurbin M.2 mai karɓar NVMe, zai iya kai 3,000 da ɗoriya. A kansa za a sa Windows da Photoshop da hotunan da kake aiki a kansu, tsohon faifan ya koma sito na ayyukan da ka gama. Kada ka sayi ƙasa da 500GB, kuma kada ka cika shi maƙil, domin Photoshop na buƙatar fili a cikinsa. Na sha ganin mutum ya canja wannan kaɗai ya fasa sayen sabuwa.

Sai RAM. Kamfanin Adobe ya sa 8GB a matsayin mafi ƙaranci, 16GB kuma shi ne abin da ya ba da shawara. Kai da ke cin abinci da wannan aiki, 16 ɗin nake so ka kai. A nan ne mutane ke asara, don haka ka kula. Laftof ta ƙarni na 8 yawanci DDR4 take ci, DDR5 ba zai ma shiga gurbin ba, kuma na laftof gajere ne, ba irin na kwamfutar tebur ba. A Task Manager ɗin, ƙarƙashin Memory, za ka ga gurbi nawa ake amfani da su. Wasu siraran laftof an liƙe musu RAM a jikin allon ciki, ba a ƙarawa. Ɗauki na'urar ka je da ita shago, a sa a gabanka, a kunna ka gani. Ka karɓi fatura (rasit), ka tambayi wata nawa ne garantin, ka kuma tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15.

Abu ɗaya da masu shago ba sa cika ambata: zafi. Kai da kanka ka san Makka a lokacin bazara, ga ƙura. Idan fanka ta toshe, furosesa na rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, ko da ka zuba mata RAM nawa. Tunda za a buɗe ta, sa a busa ƙurar, a canja ma'ajun, wato man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Kuma don Allah ka daina ɗora ta a kan darduma ko katifa kana aiki.

Ba na cewa katin girafik, wato ɓangaren sarrafa hoto da kwamfutar masu wasan gem ke taƙama da shi, ba shi da amfani. Idan aikinka ya koma amfani da Denoise, mai goge dishi-dishin hoto a manhajar Lightroom, a kan ɗaruruwan hotunan dare, ko haɗa bidiyon biki, to a nan katin ke nuna kansa, kuma a laftof yawanci ba a ƙara shi, sai dai sabuwa. Amma gyaran fuska da haske da yanke bango, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu da SSD da RAM.

Wata 'yar'uwa daga Jidda ta ce hotunanta na fita da kyau a allo, amma idan an buga sai fuskoki su yi duhu, tana tambaya ko katin girafik zai gyara.

Hajiya, ba zai gyara ba, kada ki saya. Matsalar allonki ce. Yawancinmu muna ƙure hasken allo, sai mu ga hoto ya yi haske alhali ba haka yake ba, takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta. Wannan ya fi cutar da masu gyaran hoton baƙar fata irin tamu, inda ɗan duhu kaɗan ke shafe kamannin mutum. Rage hasken zuwa wajen rabi, ki ajiye hoto a tsarin launi na sRGB, ki buga guda ɗaya ki kwatanta da allo kafin ki tura sauran. Idan kina da halin saye, nemi allo irin IPS mai nuna kusan dukkan launukan sRGB. Irin TN launinsa na sauyawa da kin ɗan karkata kai.

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina ya ga laftof Core i7 ta ƙarni na 6 da arha a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, yana so ya fara koyon gyaran hoto.

Ƙanena, sunan i7 kada ya ruɗe ka, ƙarnin za ka duba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga ƙarni na 8 na Intel take farawa. Gara i5 ta ƙarni na 8 ko sama mai gurbin ƙara RAM. Idan MacBook mai M1 ce ta shiga ranka, ka sani RAM ɗinta ba a ƙarawa har abada, abin da ka saya da shi za ka zauna. Kuma ba a cinikin biri a sama: ku haɗu da mai ita, ka kunna, ka buɗe hoto mai nauyi, ka saurari fanka na minti goma kafin ka tura masa ko riyal ɗaya.