Tambaya da Amsa: Ɗakin da Aka Sauke Ka, Yaya Za Ka Bar Shi?

Bikin ƙanin mijina za mu je Kano, kwana biyar. A gidan yayarsu za a sauke ni da yara biyu, kuma ba na so in tafi a bi ni da magana. Me zan saya in riƙe na gyaran ɗaki, me kuma ya kamata in yi ranar tafiya? — Wata uwa daga Gusau

'Yar'uwa, kada ki ɗauki kayan shara kamar mai tarewa. Tsintsiya da bokiti da mofa duk akwai su a gidan, shiga da naki ma sai a ɗauka habaici ne. Abin da za ki saya shi ne wanda ke ƙarewa, da wanda ake jin nauyin aro: ƙananan ledar omo uku ko huɗu, sabulun wanki guda, sabulun wanka da soso naku, tsumma biyu, baƙar leda kamar goma ta zuba shara, zanin gado naki ɗaya, sai ledar shimfiɗa idan ƙaramin bai daina fitsarin kwance ba.

Gyaran yana farawa ne tun ranar sauka. Kafin ki buɗe akwati, ki ɗauki hoton ɗakin da waya, don ki san inda darduma da matasan kai suke. A gidan biki, ɗakin baƙi galibi ɗakin wasu ne aka tashe su, saboda haka durowa da sif ba naki ba ne, kuma ki ja wa yara kunne tun da wuri.

Zanin gado ana wanke shi ne ana gobe tafiya, shi ya sa muka ce ki riƙo naki na kwanan ƙarshe. Da bazara ko hunturu awa biyu zuwa uku ya bushe, da damina kuwa yakan wuni a igiya. In kika ninke shi da danshi, kwana biyu ya fara warin fumfuna. Idan motar asuba za ku bi kuma wankin bai samu ba, ki yaye shi, ki ninke, ki ajiye a ƙarshen gado, ki ce mata, "Yaya, ga zanin gadon nan ban samu na wanke ba." Abin da ya fi muni shi ne ki gyara gado sumul a kan zanin da aka kwana biyar a kai, matar gida ta ɗauka wankakke ne ta kwantar da wani baƙon.

Ranar tafiya, ki fara fitar da kaya waje. Sai goge-goge daga sama zuwa ƙasa da tsumma mai laima, domin busasshe ƙurar kawai yake tayarwa ta koma inda ta fito. Tsintsiyar laushi ga tayil da leda, ta kwakwa ga kafet. Ki leƙa ƙarƙashin gado da bayan ƙofa da fitilar waya. Can ake samun ledar alewa da ƙashin kaza da guntun cincin, su ne ke gayyato tururuwa da kyankyasai bayan kin tafi. Ki cire gashin tsifa daga mataji da gaban madubi. Mofa ita ce ƙarshe, daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa, da omo cokali ɗaya a rabin bokiti. In ya fi haka tayil zai yi danƙo ya riƙa kama sawu. Idan za ki sa turaren wuta, kasko a kan faranti a kan tayil, ki tsaya har ya gama. Garwashi ɗaya ya ishi kafet.

A kicin, ki wanke abin da kika ɓata ki mayar inda kika ɗauka, ban da soson ƙarfe a tukunyar da ba ta kamu. Kada ki sake wa Yaya jeren kaya don kina ganin naki tsarin ya fi.

Za ta ce, "Haba, bari yara su yi." Na farko kara ce, ki yi murmushi ki ci gaba. In ta nace sau biyu sau uku, ki sakar mata shara da goge-goge. Amma wankin kayan ciki, ƙunzugun yaro da banɗakin da kuka yi amfani da shi, waɗannan ba a bar wa 'ya'yan mutane.

Na sauka mako ɗaya a gidan kawuna a Zariya don rajistar makaranta. Ina so in wanke banɗakin kafin in tafi. Hypo zan saya, ko Harpic, ko Izal? Wani ya ce in haɗa su sun fi ƙarfi. — Ɗalibi daga Potiskum

Wanda ya ce ka haɗa su, kada ka sake neman shawararsa a kan wannan. Hypo da Jik bilic ne, Harpic na wanke masai kuwa asid ne a cikinsa. In suka haɗu suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, banɗaki kuma ɗan ƙuƙut ne, tagarsa ƙarama. Ko ɗaya bayan ɗaya za ka yi, sai ka kora ruwa sosai a tsakani. Idan an riga an haɗa, ka fita nan take ka bar ƙofa a buɗe, in tari ko sarƙewar numfashi ya ƙi lafawa ka tafi asibiti.

Kowanne da aikinsa. Bilic yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya narkar da wannan tsatsa-tsatsar rawaya da ruwan burtsatse ke bari a masai. Asid ne ke cin ta. Izal na wari ne da ƙwayoyin cuta. To amma tsatsar shekara uku ba kai ka tara ta ba, kuma asid yana cin siminti da tarazo da marmara, yana dusashe kan famfo. Baƙon mako ɗaya omo da ƙaramin bilic sun ishe shi.

Ka fara wanke ƙasa da bango zuwa tsayin ƙugu da ruwan omo, ka ɗauraye. Sannan ka zuba bilic cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya ta ruwan sanyi, ka shafe mazaunin masai da murfinsa da hannun ƙofa da kan famfo, ka bar shi minti 10, ka ɗauraye. Ruwan zafi yana kashe ƙarfinsa, haka ma haɗin da ya kwana. Cire kaftaninka kafin ka fara, ɗigo ɗaya yana barin farin tabo da ba ya gyaruwa. Ka zaro gashi da guntun sabulu daga magudana, ka wanke bayan buta da gindinta, ka cika ta. In masai na rami ne, wanke daɓen ka mayar da murfi ya wadatar, kada ka tuttula magani a ciki. In kuwa sayen ruwa ake a unguwar, ka tare mai garuwa ya cika musu durom da kuɗinka.

Yarona ɗan shekara huɗu ya yi fitsari a katifar gidan ƙawata. Na fesa turare na juya katifar, ban faɗa mata ba, gobe za mu tafi. In saya mata sabuwa ne? — Daga Maraɗi

Juyawar ita ce kuskuren. Soso yana shan ruwa, da kika kife ta kin hana ta iska, turaren kuma zai gushe ya bar zarni. Ki faɗa mata yau. Duk wadda ta goyi yaro ta san wannan, abin da ke ɓata rai shi ne a gano bayan mako.

Ki mayar da gefen da ya jiƙe sama. Ki zuba ruwa zalla kamar kofi ɗaya a wurin, ki ɗora tawul ninki huɗu ki taka da nauyinki har ya tsotse, ki maimaita sau uku da busasshen gefe. Wannan na najasa ne. Kada ki kwara bokiti, katifa mai kauri in ta sha ruwa har ciki sai ta yi kwanaki ba ta bushe ba, ta kama fumfuna. Na wari kuma, ki haɗa farin ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ki yayyafa, bayan minti 10 ki tsotse. Sai ki barbaɗa bekin soda, ba bekin fauda ba, ya rufe wurin, ya yi awa 6 zuwa 8, ki kakkaɓe. Ki jingina katifar a tsaye a waje yadda iska za ta ratsa gaba da baya. Bilic ban da shi: yana mayar da soso rawaya ya riƙa marmashewa, haɗuwarsa da fitsari kuma tana tayar da iska mai yaji.

Sabuwar katifa ba ta taso ba, sai dai in bayan bushewa warin na nan. Ki sayo ledar katifa mai roba a gefe. Ki auna tukuna, domin gado ƙafa 6 da 6 daban yake da 6 da 4 da rabi, kaurin ma da inci ake faɗa.

Mako biyu na yi a gidan abokina a Kubwa ina bin takardun aiki. Shi da iyalinsa sun yi mini komai. In ba shi kuɗi ne, ko in sayi tsaraba? — Daga Gombe

Malam, kuɗi a hannu zai ƙi karɓa, wataƙila ma ya ji kamar ka mai da gidansa masauki. Hadisi ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya haura sadaka ne, kai kuwa ka haura da kwana 11. Ka mayar da abin da zamanka ya cinye, ta hanyar da ba za a iya cewa "mayar da abinka" ba.

Wuta ce ta farko. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana cin kusan yunit ɗaya a awa. In ka kwana da ita awa 8 kullum, ka doshi yunit 100 a mako biyu. Fanka kuwa ba ta cinye yunit ɗaya a dare. Lambar mita tana jikinta, ka sayi yunit ta manhajar banki a ƙarƙashin AEDC, kamfanin wutar Abuja mai ba Kubwa wuta, za a turo maka lambobi 20 na lodawa a mita, ka tura masa kana mota. Sai dai ka bincika ko mitar ta gidansa ce shi kaɗai, don a wasu gidajen haya haɗaka ake yi. Na biyu gas: in ka ga silindar ta yi sauƙi, ka ɗauka ka kai a cika, ta gida galibi mai kilo 12.5 ce ko 6.

Uwargida ita ta yi girkin. Ita za ka yi wa sayayya ta hannun mijinta, irin abin da ka ga ana amfani da shi a gidan: kiret ɗin ƙwai, madara, man girki. Yara kuma ka ba su nasu a hannu. Ɗakin ka share shi da kanka, ka fitar da robobin ruwa, ka wanke tawul, ka mayar da makulli da caja.

Lalle da miyar manja sun ɓata farin zanin gadon surukata. Zai fita? — Amarya daga Katsina

Manja zai fita. Ki kankare da cokali, ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke a kan busasshen yadin, ki murza, bayan minti 15 ki wanke da ruwan ɗumi ki shanya a tsakiyar rana. Jan da ya rage rana ce ke cinye shi. Kada guga ta hau kafin tabon ya tafi.

Jan lalle, ki kora ruwan sanyi ta bayan yadin, ki jiƙa a ruwan omo ya kwana. In auduga ce fara fat ba zane ba aiki, sai bilic cokali uku a ruwa lita biyar na minti 10. Baƙin lalle na dayis kuwa rini ne, da wuya ya fita. In shi ne, ki sayo wani mai girman gadon, na auduga ba mai santsin roba ba, ki haɗa da tsohon a wanke a goge, ki kai wa Hajiya da hannunki ki ce, "Mama, lallena ne ya ɓata wannan."