Gishirin Magana da Zanen Dutse

Wata 'yar zumuntar matan coci daga Kafanchan ta rubuto a kan wata aya ta Littafi Mai Tsarki: "Malam, a Kolosiyawa 4:6 Bulus ya ce maganarmu ta kasance da alheri, gyararriya da gishiri. Mu kuwa in an ce mutum ya ƙara gishiri, ai ƙarya ya haɗa. Yaya ke nan?"

'Yar'uwa, kunnenki ya ji daidai. A Hausa, ƙara gishiri shi ne a yi wa labari ƙari don ya yi armashi: ɓarawo ɗaya ya shiga gida, kafin zancen ya kai bakin kasuwa sun zama biyar, har da bindiga. Amma ki dubi aikatau ɗin. Ƙarawa daban, gyarawa daban. Gishirin da Bulus yake nufi shi ne mai hana nama ruɓewa, mai kuma hana miya zama lami. Shi ya sa a Afisawa 4:29 ya hana ruɓaɓɓiyar magana fita daga baki. A ce maƙwabciyarki ta ci bashin kuɗin adashe ta yi shiru. Kina iya tare ta a bakin famfo ki ce mata macuciya. Kina kuma iya shiga ɗakinta, ki gaishe ta, ki tambayi jikin yara, sannan ki ce, "Maman Ladi, kuɗin nan fa ina bukatarsu ranar Juma'a." Ba ki rage gaskiya ba, ba ki ƙara mata kome ba, kin dai gyara ta yadda za ta haɗiyu.

Wani dattijo daga Wusasa kuma ya tambaya ko "hali zanen dutse" bai ƙaryata wa'azin sabuwar haihuwa ba, wato koyarwar cewa Allah na mai da mutum sabo.

Baba, karin maganar gaskiya ce, ina kuwa girmama ta. Kakanninmu sun ga mai faɗa ya tsufa da faɗansa, nasiha ba ta kankare kome ba. Sai dai iyakarta abin da hannun mutum ke iya gogewa. A Ezekiyel 36:26 ba gogewa aka yi alkawari ba. Allah ya ce zai cire zuciyar dutsen ya ba da ta nama. A harshe ake fara ganin wannan canji, domin Yesu ya ce a Matiyu 12:34 abin da ya cika zuciya shi baki ke faɗa. In kuna son sanin ko ya auku ga wani, kada ku tsaya kan addu'arsa ta ranar Lahadi. Ku tambayi matarsa yadda yake magana ranar da tuwo ya makara.