Filin Tambaya da Amsa: Kafin a Sayar da Gona Saboda Kuɗin Jami'a

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a Zariya, saura shekara huɗu in yi ritaya. 'Yata ta fari tana son karatun likita, makinta na JAMB ba laifi, amma shekara biyu ke nan ba ta samu gurbi a jami'ar gwamnati ba. 'Yan'uwa a coci sun ce in kai ta Jami'ar Bingham da ke Karu. Ina da gonar gado a ƙauye wadda zan iya sayarwa. Shin karatun ya kai kuɗinsa, kuma wace irin rayuwa yarinyar za ta tarar a can?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan damuwa da karatun ɗiya mace. Jami'ar da aka ambata maka ta cocin ECWA ce, an kafa ta a 2005 a Karu ta Jihar Nasarawa, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, kuma an raɗa mata sunan Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku na mishan ɗin SIM da suka sauka Legas a 1893. Ɗaliban likitanci suna fara karatu a Karu, sannan su koma asibitin koyarwa na jami'ar a Jos, wanda mutanen garin suka fi sani da Jankwano. Ka lura da wannan tun yanzu, domin yarinyar za ta zauna a garuruwa biyu, kuma kowanne da nasa kashe kuɗin.

Babban abin da iyaye ke saye a jami'a mai zaman kanta shi ne tabbacin lokaci. Yajin aikin ASUU na 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, bayan wanda aka sha a 2020, alhali takwarorinsu masu zaman kansu suna ta karatu suna yaye ɗalibai. Yawan ɗalibai a aji ma bai kai na manyan jami'o'in gwamnati ba, don haka malami kan san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Sai dai kada kyan gini ya ɗauke maka hankali daga tantancewa. Ka duba cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta amince da kwas ɗin kansa, ba jami'ar kaɗai ba, sannan ka duba jerin majalisar likitoci ta MDCN, wadda ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar. Ka tambayi tsangayar kai tsaye: ɗalibai nawa kuka ɗauka bara, nawa kuma aka amince muku? Wannan tambaya ta wajaba a kan kowace jami'a, ta coci ce ko ta gwamnati.

Yanzu ga maganar gona, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Karatun likita shekara shida ne, idan ba a maimaita aji ba, kuma a jami'o'i masu zaman kansu kuɗinsa na shekara guda yana kaiwa miliyoyin naira. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su dubi takardar kuɗin shekarar farko su ce za a iya. Waɗannan jami'o'i ba sa samun tallafin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, saboda doka ta keɓe shi ga makarantun gwamnati, don haka albashin malamai da man janareta da kayan ɗakin gwaji mafi yawansu daga aljihun iyaye suke fitowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin makaranta sai ƙaruwa yake yi. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma an tsara shi ne domin ɗaliban makarantun gwamnati, saboda haka kada ka sa shi a lissafinka.

Na taɓa zama a falon wani magidanci da ya shimfiɗa rasiɗai a kan tabarma, yana jera su shekara-shekara. Ya sayar da fili ya biya wa ɗansa shekara biyu a wata jami'a mai zaman kanta, a ta uku aka ƙara kuɗi, hannu ya gaza. Yaron ya dawo gida da akwatinsa da farar rigar ɗakin gwaji a naɗe, ba a ba shi takardar sakamako ba sai an biya bashin da ake bi, kuma sauya sheƙa zuwa jami'ar gwamnati a tsakiyar karatun likita abu ne mai wuyar gaske. Abin da ya fi ci wa uban rai shi ne ga fili ya tafi, ga yaro a zaune.

Shawarata ita ce ka ɗauki biro da takarda ka lissafa shekara shida gaba ɗaya, ka haɗa da masauki da abinci da littattafai da kuɗin mota, ka kuma ɗora ƙari a kan kowace shekara. Ka tuna cewa shekara biyun ƙarshe za su riske ka a kan fansho, kuma ga ƙannenta suna tasowa. Ka je ofishin kuɗi na jami'ar da ƙafarka ka tambaya ko ana biya kashi-kashi, ko akwai rangwame ko tallafi ga 'ya'yan ikilisiya, kuma duk abin da aka faɗa maka ka nemi a rubuce. Idan kuɗin gonar bai rufe shekara shidan ba, ni ban goyi bayan a sayar ba. Gara ta karɓi wani kwas na fannin lafiya a jami'ar gwamnati, ko ta sake zama JAMB ta zaɓi jami'ar da ba a cika rububinta ba.

Game da rayuwa kuwa, jami'o'in coci sun fi kama da makarantar kwana mai tsari: akwai dokar sutura, da lokacin rufe ƙofa, da takardar izini kafin a fita, da sujada, wato taron ibadar coci, da ake sa ran ɗalibi ya halarta. Kowace da irin nata. Babcock ta 'yan Adventist a Ilishan-Remo tana kiyaye Asabar a matsayin ranar hutu, kuma ba a dafa nama a ɗakin cin abincinta, Covenant da ke Ota kuwa ta yi suna wajen tsaurin doka. Iyaye na samun kwanciyar hankali da wannan, amma yarinyar ce za ta zauna a ciki, don haka ka ba ta kundin dokokin ɗalibai ta karanta da kanta kafin ta sa hannu.

Tambaya: Ni uwa ce Musulma daga Keffi. Ɗana yana son karatun kwamfuta, kuma jami'o'in da ke kusa da mu har da na coci. Za su karɓe shi, kuma addininsa ba zai taɓu ba?

Amsa: Hajiya, da yawa daga cikinsu suna karɓar Musulmi, amma tsarinsu game da ibada ya bambanta ƙwarai. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi halartar ibadar addinin da ba nasa ba, sai dai a aikace kundin dokokin da ɗalibi ya sa wa hannu shi ake fara ɗaukowa idan saɓani ya taso. Saboda haka ki je tare da shi ofishin kula da harkokin ɗalibai ki tambaya a fili: shin halartar sujada dole ce ga kowa, akwai wurin salla, ana ba da izinin fita Juma'a, kuma yaya ake yi da sahur da buɗa-baki a watan azumi? Bayan kin ji ta bakin hukuma, ki nemi ɗalibi Musulmi da ya shekara biyu ko uku a makarantar ki ji nasa bayanin kafin ki biya kuɗin karɓar gurbi, domin irin wannan kuɗi ba kasafai ake mayar da shi ba.