Tambayi Likita: Cututtukan ƙwaƙwalwa da mace-mace a ƙasar Sin, jiya da yau

Wasiƙun wannan mako sun haɗu a kan ƙasar Sin, sai na jera su wuri guda.

Assalamu alaikum Likita. Malaminmu ya ce mace-macen da ke da nasaba da taɓin hankali sun ragu ƙwarai a ƙasar Sin. Haka ne? (Ɗalibar aikin jinya, Zariya)

Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku bai yi kuskure ba, amma ki fara tambayar wace mutuwa ake ƙirgawa. A takardar shaidar mutuwa ba kasafai ake rubuta taɓin hankali a matsayin sanadi ba. Wanda ya kashe kansa, cikin sahun raunuka da guba ake sa shi. Mai matsanancin taɓin hankali kuwa yakan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insa, amma abin da za a rubuta shi ne ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko na huhu. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani a bakin aiki.

Inda raguwar ta fito fili ita ce kashe kai. A 2002 Dakta Michael Phillips da abokan aikinsa a Beijing suka wallafa a mujallar Lancet cewa tsakanin 1995 da 1999 kimanin Sinawa 287,000 ke kashe kansu duk shekara, wato 23 cikin kowane mutum 100,000. A lokacin, kashe kai ne babban ajalin masu shekara 15 zuwa 34. Da masu bincike na Jami'ar Hong Kong suka duba shekarun 2009 zuwa 2011, adadin ya sauka zuwa 9.8 cikin kowane mutum 100,000.

Sai dai raguwar mutuwa daban, raguwar ciwo daban. Binciken da Farfesa Huang Yueqin ta jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya nuna kashi 16.6 cikin 100 na manyan Sinawa sun taɓa fama da wata cutar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma ciwon fargaba ne a kan gaba.

Likita, na fi shekara goma ina zuwa Guangzhou sarin kaya. Ni dai a ganina arziki ne ya yi musu magani. Ko da wani abu? (Ɗan kasuwa, Kano)

Alhaji, ka faɗi rabin magana. Sauran rabin yana ƙauye, inda sarin kaya ba ya kai ka.

A yawancin ƙasashe maza sun fi mata kashe kansu nesa ba kusa ba. A Sin ta wancan lokaci mata ne suka fi, da kusan kashi 25 cikin 100, kuma karkara ta ninka birni sau uku. Ka ɗauki matashiyar da aka kai aure wani ƙauye, tana ƙarƙashin surukai, ga noma, ga raino, ba kuɗin kanta, ba inda za ta kai kuka. Sai a yi cacar baki da miji, ga kwalbar maganin ƙwari a ajiye a kusurwar ɗaki, asibiti kuma da nisa. Da Phillips ya bi gidajen mamatan yana tattaunawa da iyalansu, ya tarar kusan kashi 62 cikin 100 guba irin ta gona ko ta ɓera suka sha, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su da wata cutar ƙwaƙwalwa da likita zai iya sa wa suna. Ɓacin rai ne na ɗan lokaci ya gamu da abin da ba ya ba da damar nadama. Wannan batu yana taɓa ni matuƙa, domin na sha tsayawa a kan marar lafiyar da aka ceto, washegari tana kuka tana cewa ba mutuwa take so ba, so take a saurare ta.

To, me ya sauya? Miliyoyin matasa sun bar gona sun tafi masana'antu, irin waɗanda kake sayen kayansu. A 2011 mazauna birane suka haura rabin al'ummar ƙasar a karon farko. Yarinyar ta sami albashinta, ta yi nisa da rikicin gidan surukai, ta kuma yi nisa da kwalbar. Kashe kai tsakanin matan karkara 'yan ƙasa da shekara 35 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Gwamnati kuma ta haramta amfani da magungunan feshi biyar masu tsananin guba daga 2007.

Ɓangaren asibiti ma ya motsa. A 2004 aka fara Shirin 686, wanda ya samo sunansa daga kuɗin farko da aka ware masa, yuan miliyan 6.86. Aikinsa bin masu matsanancin taɓin hankali har gida da magani, da kwance waɗanda iyalai suka kulle ko suka ɗaure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta fara aiki ranar 1 ga Mayu, 2013. Amma ka lura, adadin ya riga ya faɗi sosai kafin dokar ta zo. Shi ya sa nake ganin sauyin rayuwar mace da nisanta guba daga hannu su suka yi babban aikin.

Likita, ni manomi ne, kayan feshi ba sa yankewa a gidana. Yaya zan yi? (Funtuwa)

Malam, ka sami akwati mai kwaɗo a wajen ɗakin kwana da madafa, makulli a hannunka. Ka sayi daidai abin da za ka fesa, kada ka juye saura a gorar lemo. Haka fiya-fiya da maganin ɓera. Idan wani ya sha, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tilasta masa amai. A garzaya asibiti tare da kwalbar. Wanda kuma ka ji yana cewa ya gaji da duniya, ka zauna da shi, ka tambaye shi kai tsaye, ka raka shi wurin likita. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin.

Likita, mahaifina yana da shekara 78. Yana manta sunayen jikokinsa, kuma ya daina magana da mutane. Ƙanena da ke karatu a Sin ya ce can ciwo ne da ake zuwa asibiti a kansa, mu kuwa mun ɗauka tsufa ne. (Wata Hajiya, Maraɗi)

Hajiya, Allah Ya ba Baba lafiya. Ƙanenki ya yi gaskiya, kuma a kan tsofaffi ne nauyin ya koma a Sin yanzu. Ƙidayar 2020 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264, wani bincike na shekarar kuma ya ƙiyasta kimanin miliyan 15 daga cikinsu na da ciwon mantuwa. Yawan masu rasuwa da shi yana ƙaruwa ne musamman domin mutane suna daɗewa a duniya. Ƙaurar da ta ceci 'yan mata ita ta bar iyaye su kaɗai a ƙauye, ga dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015 ta rage masu kula da su. Yau tsofaffin karkara ne suka fi kowa kashe kansu a ƙasar.

Shirun Baba shi ya fi jan hankalina. Ciwon damuwa a tsoho yakan yi kama da mantuwa, kuma yana jin magani. Su ma Sinawa sun daɗe suna kiransa raunin jijiyoyi. A 1980 Dakta Arthur Kleinman ya duba mutum 100 da aka ce suna da wannan rauni a lardin Hunan, ya tarar 87 ciwon damuwa ke damunsu, sai dai ciwon kai da kasala da rashin barci suke kawo wa likita, kamar yadda namu ke cewa zuciya na bugawa ko wani abu na yawo a jiki.

Ki kai shi asibiti a auna jininsa da suga, a duba ji da ganinsa, a bincika ƙarancin sinadarin B12 da aikin maƙoƙo. Ki tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Ki kuma tafi da wanda ya fi zama da shi, domin shi zai iya faɗa wa likita yaushe abin ya fara, da ko sannu a hankali ya zo ko rana ɗaya.